Kason Jiha a Makarantun Gwamnatin Tarayya: Wane Yaro Yake Kaiwa Gare Shi?

Duk shekara, da zarar hukumar NECO ta saki sakamakon jarrabawar shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya, sai tsohuwar gardama ta farka. 'Yan kudu su zaro jadawalin 2013, wanda ya nuna ɗan jihar Anambra sai ya ci maki 139 cikin 200 kafin a ba shi gurbi, ɗan Imo 138, alhali namiji ɗan Yobe maki 2 ya ishe shi, ɗan Taraba 3, ɗan Zamfara 4. Mu kuma 'yan Arewa mu ce an riga mu shiga boko da shekaru masu yawa, don haka kason jiha haƙƙinmu ne. A yi mako guda ana jifan juna da kalamai, sannan kowa ya kama gabansa. Yaron da ake faɗan a kansa kuwa, wanda ke aji shida a makarantar gwamnati a wani ƙauye na Anka ko Geidam, ko labarin jarrabawar bai taɓa ji ba.

Ina goyon bayan a ware wa yankunan da aka bari a baya gurabe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a biya mu bashin da sassaucin maki, a bakin ƙofa ko a cikin aji. Maki ma'auni ne. Wanda ya lanƙwasa mudu don tausayi bai ƙara wa kowa hatsi ba.

Makarantun nan sun faro ne a 1966, lokacin da aka buɗe uku a Sakkwato da Warri da Okposi, ban da King's College da Queen's College na Legas da ke nan tun 1909 da 1927. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta baza su zuwa sauran jihohi daga 1973, don yaran Najeriya su kwana ɗaki ɗaya, su ci a kwano ɗaya, su san juna tun suna ƙanana. An daɗe ana lissafa su 104, yanzu sun haura 110. Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sha nanata ƙa'idar ɗauka a shekarun nan: kashi 60 cikin 100 na gurabe bisa cancanta, kashi 30 bisa daidaiton jihohi, kashi 10 kuma na abin da ake kira larura.

Abin da masu gardamar ba su cika tsayawa su duba ba shi ne yadda makin shiga na kowace jiha ke fitowa. Babu wani jami'i da ya zauna ya ce ɗan Yobe maki 2 ya dace da ƙwaƙwalwarsa. Ana jera 'yan jihar ne daga na sama zuwa na ƙasa, a yi ta ɗauka har kason ya cika, makin yaro na ƙarshe shi ne makin shiga. Jihar da yara dubu biyar ke neman gurabe ɗari biyu, makinta zai hau sama. Jihar da masu neman ba su ma kai yawan guraben ba, sai an share har gindin tukunya. A 2018 ma'aikatar da kanta ta koka cewa ana dab da jarrabawar yara 28 kacal suka yi rajista daga Zamfara, 50 daga Kebbi, 95 daga Taraba, alhali Legas ta ba da sama da dubu ashirin. Da irin wannan adadi babu zaɓe, sai dai tattarawa.

Sannan a dubi maki 2 ɗin da kansa. Jarrabawar ta zaɓen amsa ce, ana cike gurbi da fensir a takardar da na'ura ke dubawa. Idan kowace tambaya tana da zaɓi huɗu ko biyar, kuma ba a rage maki saboda kuskure, yaron da ya rufe ido ya yi ta canki-canka zai tashi da wajen maki 40 zuwa 50 cikin 200. Wanda ya sami 2 ko 4 bai ma kai mai canki-canka ba. Ma'anarsa bai cike takardar ba, ko ya cike gurbi biyu a layi ɗaya, ko ya yi zagaye a takardar tambaya ya bar ta amsa fanko, ko kuma bai iya karanta umarnin da aka rubuta da Turanci ba. Irin wannan maki bai auna hazaƙar yaro ba, ya dai shaida cewa babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda takardar take. Aikin sati biyu ne a hannun malamin aji shida mai kula, da fensir da tsofaffin tambayoyi. Abin kunya ne a ce mun shekara goma muna kare wannan adadi a bainar jama'a maimakon mu yi aikin sati biyun.

To su waye ke cike kason? Ana tantance jihar yaro ne da takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa. Ɗan babban ma'aikaci da aka haifa a Abuja, ya yi nazare da firamare a makarantar kuɗi, ana kawo masa malamin lesin gida da yamma, da takardar ƙauyen kakansa yake shiga layi. Idan makinsa ya kai na cancanta, to madalla. Idan bai kai ba, kason jiha na nan yana jiransa, kuma babu yadda ɗan manomin da ke zaune a ƙasa cikin aji mai yara ɗari zai yi gogayya da shi. Ga kuma cinikin takardar asalin, wanda ba sabon labari ba ne: uba ya ga makin jiharsa ya yi tsauri, sai ya nemo wa ɗansa asali a inda maki ke da sauƙi. Sunan talakan Arewa ake kira wajen kare tsarin, amma ba shi ke cin moriyarsa ba.

Akwai wasu shingayen da suka riga maki. Rajista ta intanet ake yi, da kuɗi, kuma cibiyar jarrabawa galibi a birni take. A 2023 kuɗin da sabon ɗalibi ke biya ya tashi daga naira 45,000 zuwa 100,000, ban da katifa da bokiti da kayan sawa da kuɗin mota. Bayan kisan ɗalibai a makarantar tarayya ta Buni Yadi a watan Fabrairun 2014 da sace su a ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, uwar da ta ƙi tura ɗan shekara goma sha ɗaya makarantar kwana ba za a ce mata ba ta son boko ba. Sauke makin shiga zuwa sifili ma ba ya cire ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ta fuskar shari'a ma tsarin a kan siraɗi yake. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yi maganar raba daidai tsakanin sassan ƙasa, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito. Shari'ar Badejo, ta wata yarinya 'yar asalin jihar Ogun da aka hana gurbi duk da ta fi wasu da aka kira intabiyu maki, ta faro a 1988 ta kai har Kotun Ƙoli. Daga baya lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, kotun kuma ta ce bambanta makin shiga bisa jiha ya saɓa wa sashe na 42. Wanda ya dogara da kason asali shi kaɗai ya jingina da bangon da ake ta sassaƙar gindinsa.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a ɗaura kashi 30 ɗin a kan makarantar da yaro ya yi karatu, a saki asalin kakansa. A duba inda ya yi aji huɗu zuwa shida. A raba guraben a kan ƙananan hukumomi 774 gwargwadon yawan 'yan aji shida, a ware kaso mafi tsoka ga makarantun gwamnati, a ɗauki na gaba-gaba a kowace ƙaramar hukuma. Ɗan Ibo da ya tashi a Sabon Gari ya yi firamaren gwamnati a Fagge zai shiga lissafin Fagge, Bahaushen da ya yi makarantar kuɗi a Maitama zai yi takara da 'yan ajinsa na Maitama. Wannan ya fi kusa da adalci, ya kuma fi sauƙin karewa a gaban alƙali, domin halin da yaro ya yi karatu a ciki ake dubawa. Za a yi ƙoƙarin zagaye shi, babu shakka. Wasu za su sa sunan ɗansu a rajistar makarantar ƙauye ana saura wata uku jarrabawa. Maganinsa a nemi shaidar shekara uku a jere, rajistar kiran suna da katin sakamako na zango tara, a riƙa zaɓo wasu ana bi har makarantar ana tantancewa.

Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Ghana, wadda kwamfuta ke raba wa ɗalibanta makarantu tun 2005, ta ware kashi 30 na guraben manyan makarantunta ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. A jihar Virginia ta Amurka, makarantar kimiyya ta Thomas Jefferson ta soke jarrabawar shiga da kuɗin fom na dala 100 a 2020, ta ba kowace ƙaramar sakandare ta yankin gurabe daidai da kashi 1.5 na 'yan ajinta na ƙarshe. Rabon yara 'yan asalin Asiya ya sauko daga wajen kashi 73 zuwa 54, iyaye suka kai ƙara, Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi sauraron ƙarar a watan Fabrairun 2024. Raba gurabe bisa makaranta na ɗauka daga gare su, soke jarrabawa kam ban ɗauka ba. Makarantar Lowell ta San Francisco ta gwada ɗauka ta hanyar ƙuri'ar sa'a a madadin maki, sai ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sababbin ɗaliban 2021 sun sami aƙalla sakamako ɗaya na faɗuwa ko dab da faɗuwa a zangon farko, wajen ninki uku na shekarar da ta gabata. Rufe makarantu na lokacin korona ya taka rawa a ciki, amma a 2022 hukumar ta koma ɗauka bisa maki. An buɗe ƙofa ba a shirya wa masu shigowa ba.

Wasu masana namu suna cewa jarrabawar yini ɗaya zalunci ce ga ɗan shekara goma, gara a haɗa da makin da malamansa suka ba shi a firamare. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta: zazzaɓin dare ɗaya na iya ɓata wa yaro shekara shida, bambancin 139 da 137 kuwa bai wuce tambaya biyu da aka canka ba. Sai dai duk wanda ya san yadda ake cike takardar CA, wato makin gwaje-gwajen aji da aikin gida, a makarantunmu zai yi taka-tsantsan. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 ake cewa a riƙa auna yaro a kai a kai, yawanci maki 40 na gwaje-gwajen aji da aikin gida, 60 na jarrabawar ƙarshen zango, wasu makarantun 30 da 70. Malamin da ke da azuzuwa huɗu, kowanne da yara tamanin, idan zai yi gwaji biyu da aikin gida ɗaya a zango, takardu 960 ke jiransa kafin a zo jarrabawa. Abin da ke faruwa sananne ne. Gwaji ɗaya ake yi, sauran gurabe a cike su da ka a daren miƙa sakamako, mai ladabi 9, mai surutu 6. A makarantar kuɗi matsalar ta juya: mai makaranta ba ya son uba ya ga ja a katin ɗansa ya cire shi, saboda haka kowa 35 zuwa sama cikin 40. Ranar da aka ce wannan makin zai ba da gurbi a King's College, kowane ɗan aji shida a Najeriya zai tashi da 40 cikin 40, malamin da ya tsaya kan gaskiya kuma shi zai cuci ɗalibansa.

Ana iya amfani da makin malamai, amma sai an daidaita shi da jarrabawar bai ɗaya. Yadda ake yi: a ɗauki matsakaicin makin CA na makaranta, a kwatanta da matsakaicin abin da yaranta suka ci a jarrabawar ƙasa. Idan CA ya nuna 85 cikin 100, jarrabawa ta nuna 45, sai a sauko da makin kowane yaro na makarantar da wannan tazara, amma a bar jerin yadda malamin ya tsara su, na ɗaya ya zauna na ɗaya. Ta haka an amfana da sanin da malami ya yi wa yaransa, kumbura maki kuma ya zama aikin banza. Afirka ta Kudu tana yin irin wannan a jarrabawar kammala sakandare, inda makin makaranta ke da kashi 25, hukumar Umalusi mai sa ido kan ingancin jarrabawa kuma ta daidaita shi. Kafin mu sami rajista mai tsabta da za a yi wannan lissafi a kanta, jarrabawar bai ɗaya ta fi zama kariya ga ɗan talaka, don na'urar da ke duba takarda ba ta san ɗan wane ba.

Sai abin da ke faruwa bayan an shiga, wanda ya fi damuna, kuma ba a cika maganarsa ba. An zuba yaron da ya ci 170 da wanda ya ci 30 a aji ɗaya, an ba malami manhaja ɗaya da zango na sati goma sha biyu ko sha uku. Da wa zai tafi? Da na gaba yake tafiya, na baya kuma a rufa masa asiri da CA. A yi lissafin: yaro ya sami 36 cikin 40 a CA, ya ci 14 cikin 60 a jarrabawa, jimla 50, watau C6 a ma'aunin da makarantu ke kwaikwaya daga WAEC. Katin ya ce ya ci, alhali a zauren jarrabawa bai amsa kashi ɗaya cikin huɗu ba. Uba ya gani ya ce alhamdu lillahi. Haka za a yi ta wucewa da shi, wani zangon a rubuta an wuce da shi bisa gwaji, har ya kai aji shida na sakandare bai iya raba lamba da lamba ba. A nan ake samun kasuwar satar amsa, don wanda aka shekara shida ana ce masa ya iya ba shi da wata mafita ranar da baƙon mai sa ido ya shigo.

Gyaran ba shi da tsada. A rubuta CA da makin jarrabawa daban-daban a kati, a sa wa kowanne iyakarsa: wanda bai kai 40 cikin 100 a jarrabawar kanta ba bai ci darasin ba, ko nawa ya tara a CA. Malaman darasi ɗaya su haɗu su fitar da tambaya ɗaya da jadawalin ba da maki ɗaya, su yi musayar takardu, kada kowa ya duba na ajinsa. Shugaban sashe ya zaro takarda ɗaya cikin kowace goma ya sake dubawa, idan tazarar ta wuce maki biyar a sake duba na ajin gaba ɗaya. Duk yaron da CA ɗinsa ya zarce jarrabawarsa da tazara mai yawa, a kira malamin ya kawo takardun gwajin a gani. Kuma a daina auna firinsifal da yawan waɗanda suka wuce aji, domin wanda aka ce sai kowa ya wuce zai sa kowa ya wuce.

Tsaurara maki ba tare da ƙarin koyarwa ba kuwa kora ce da wani suna, ni kuma ba kora nake nema ba. Yaran da suka shigo ta kashi 30 su iso makaranta sati shida kafin sauran, a yi musu gwajin karatu da lissafi a makon farko, a raba su rukuni-rukuni da bai wuce ashirin ba bisa inda kowa ya tsaya. Awa biyu na karatun Turanci da fahimtarsa, awa ɗaya na jadawalin sau da rabawa da ɓangarorin lamba, kowace rana. Bayan an koma, awa ɗaya na lokacin firef, wato zaman bitar karatu bayan an tashi daga aji, ya ci gaba da zama nasu har ƙarshen shekara. A sa iyakar ƙasa ta maki wadda ta zarce abin da canki-canka ke bayarwa, a ce 80 cikin 200, kowace jiha. Ƙaramar hukumar da ba ta cike gurabenta ba, kada a sayar da su ko a miƙa wa masu takardar alfarma. A ɗebo waɗanda suka fi kusa da iyakar a yi musu ajin share fage na shekara guda, su sake zama.

Masu cewa yaranmu ba za su iya da tsauri ba su je su tambayi tarihin Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. A 1977 gwamnatin Kano ta kafa makarantun kimiyya a waɗannan garuruwa ƙarƙashin hukuma ta musamman, daga baya aka ƙara ta mata a Taura. Ba a ɗauki yara daga firamare ba. An bari sun yi shekarun farko na sakandare, sannan aka yi musu jarrabawar tantancewa, aka tara waɗanda suka ci, aka ba su malamai da ɗakunan gwaji da abinci. Likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga nan suka fito, da dama cikinsu 'ya'yan manoma da masu sana'ar hannu. Akwai darasi a lokacin zaɓen kansa. Jarrabawar da aka yi wa ɗan shekara goma ta fi auna gidansu, wadda aka yi masa yana da sha huɗu ta fi auna shi. Ya kamata makarantun tarayya su ware gurabe na sosai a matakin babbar sakandare, da jarrabawa a bayyane, domin wanda ya makara wajen buɗe ido.

Kashi 10 na larura kuwa, kowa ya san sunansa na gaskiya alfarma. Akwai larura ta haƙiƙa: ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, marayan soja, yaron da rikici ya raba da garinsu, mai buƙata ta musamman. A rubuta su a ƙa'ida, a liƙa lambar jarrabawa da maki da dalilin kowane wanda aka ɗauka ta nan a allon makaranta. Abin da ba za a iya liƙawa a allo ba bai cancanci gurbi ba. Haka ma kowace shekara a fitar da adadin waɗanda aka ɗauka daga makarantun gwamnati da na kuɗi, jiha-jiha, da yadda kowane rukuni ya kasance a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare bayan shekara uku.

Gwamnoninmu ba sai sun jira Abuja ba. Hukumar ilmin matakin farko (SUBEB) ta kowace jiha tana da sakatarorin ilmi a kowace ƙaramar hukuma. A zangon farko a yi wa duk 'yan aji shida gwaji ɗaya, a zaɓi hamsin na gaba a kowace ƙaramar hukuma, rabi maza rabi mata. A biya musu rajista, a tara su ranakun Asabar na wata uku da tsofaffin tambayoyi da takardar amsa irin ta NECO sak, a kai su cibiya da mota ranar jarrabawa, wanda ya ci a ɗauke wa iyayensa kuɗin shekarar farko. Zamfara mai ƙananan hukumomi 14 za ta tura yara 700 ke nan, Yobe mai 17 ta tura 850, Kano mai 44 ta tura 2,200.